Kyamarar hular kwano: tana kashe rigimar hanya ko rura ta take yi?

Wani ɗan'uwa da ke zuwa aiki a kan babur ya aiko da wannan tambaya: "Kwanan baya wata mota ta fito daga layi ta sha gabana, da kyar birki ya cece ni. Da na yi magana, direban ya ce bai gan ni ba, kuma wai ni ne nake gudu. Muka yi cacar baki, babu shaida, kowa ya tafi da fushinsa. Ina so in sayi kyamarar da ake maƙalawa a hular kwano. Tana rage irin wannan rigima? Ana karɓar bidiyonta a matsayin hujja? Ba ta rage ƙarfin hular?"

Sannu da arziki, ɗan'uwa, Allah Ya ƙara tsarewa. Na daɗe ina koyar da tuƙin babur, kuma ana yawan kawo mini bidiyon haɗari in duba idan jayayya ta taso tsakanin mai mota da mai babur, saboda haka na ga amfanin kyamarar nan, na kuma ga ɓarnarta. Shawarata ita ce ka saya. Sai dai ka sani cewa shaida za ka ɗauko wanda bai san ka ba, ba ya kuma jin nauyinka. Abin da ya gani shi zai faɗa, ko a kan direban ne ko a kanka. Rigimar bakin titi kuwa, kyamara ba ta kashe ta da kanta, a hannun mutane da yawa ma rura ta take yi.

Bari mu fara da direban naka, domin maganar da ya faɗa maka tsohuwa ce. A shekarar 1981 aka fitar da rahoton wani babban bincike da Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, inda aka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjeles. Kusan kashi uku cikin huɗu na haɗurran karo ne da wani abin hawa, kuma a kashi biyu cikin uku na waɗannan, ɗaya direban ne ya shiga hannun mai babur. Abin da direbobin suka fi faɗa shi ne ba su ga babur ɗin ba, ko sun gan shi a makare. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, har yau maganar ba ta canja ba.

Da yawa daga cikinsu ba ƙarya suke yi ba. Idon ɗan'adam ɗan ƙaramin fili ne kawai yake gani tar, sauran duk ƙwaƙwalwa ce take cikewa da abin da ta saba gani. Direban da ya tsaya a bakin layi mota yake nema, tirela yake tsoro. Ya waiga dama, ya waiga hagu, idonsa ya bi ta kanka amma hankalinsa bai ɗauke ka ba. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane wani bidiyo na 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifa nawa aka yi. A tsakiyar wasan wata mai shigar goggon biri ta ratsa ta cikinsu, amma kusan rabin masu kallon ba su lura da ita ba sam. Ƙari a kan haka, babur siriri ne. Idan yana tahowa kai tsaye, girmansa ba ya ƙaruwa a ido sai ya matso sosai, shi ya sa direba yake zaton yana da sauran lokaci. Ginshiƙin da ke tsakanin gilashin gaba da na ƙofa kaɗai ya isa ya ɓoye babur da mahayinsa na ɗan lokaci.

Wannan ba ya wanke direban daga laifi. Wajibinsa ne ya duba har sai ya gani. Na kawo shi ne don ka gane bambancin abin da kyamara ta ɗauka da abin da mutum ya gani, domin a nan ne yawancin rashin adalcin bidiyo yake. Kyamara ba ta da abin da take nema, komai da ke gabanta daidai take ɗaukarsa. Mai kallo kuma yana zaune a inuwa, ya san abin da zai faru tun daga sunan bidiyon, ya tsayar, ya mayar baya, ya sake kallo sau biyar, sannan ya ce, "Ai ga shi nan a fili, makaho ma ya gani." Ka lissafa da kanka: mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin mutum ya ga haɗari, ya gane shi, ƙafarsa ta kai ga birki, daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta wuce, wato mita 17 zuwa 25 sun tafi birki bai ma fara kamawa ba. Kyamara mai ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa ta tara hotuna 30 zuwa 45 a wannan ɗan tsakanin, mai kallo yana bin su ɗaya bayan ɗaya, alhali wanda abin ya faru da shi ƙiftawa ɗaya ya samu.

Ana cewa gani ya kori ji, amma gilashin kyamarar ma yana da nasa ruɗin. Waɗannan kyamarori ba don shari'a aka ƙirƙiro su ba. Nick Woodman ya kafa kamfanin GoPro a 2002 ne don masu wasan hawa igiyar ruwan teku su ɗauki kansu, kuma irin wannan wasa yana son gilashi mai faɗin gani, wanda ke haɗiye fili da yawa ya kuma sa gudu ya yi armashi. Sakamakonsa a kan titi shi ne abin da ke gabanka yana fitowa nesa fiye da yadda yake, abin da ke gefe yana lanƙwashewa yana wucewa kamar walƙiya. Motar da ta kusan goge maka gwiwa sai ta fito a bidiyo kamar ta ba ka fili. Kai da kake tafiya daidai ƙa'ida sai a ga kamar tashi sama za ka yi. Na sha ganin mai babur ya kawo bidiyo yana rawar jiki saboda abin da ya tsallake, wanda aka nuna wa ya ce bai ga wani abin tashin hankali ba. Idan ana son sanin haƙiƙanin gudu ko tazara, sai an ƙirga hotunan tsakanin alamomi biyu da aka san nisansu, kamar zanen kan kwalta ko turakun fitila. Lambar gudu da wasu kyamarori ke rubutawa a jikin bidiyo daga tauraron ɗan'adam take zuwa, tana ɗan makara idan ka taka birki ko ka ja totur, don haka kada ka rataya dukkan hujjarka a kanta.

Maganar karɓuwa a matsayin hujja ta danganta da dokar ƙasar da kake, kuma ƙasashe sun sha bamban ƙwarai. A Jamus, inda ake tsananta kare sirrin mutane, babbar kotun tarayya ta yanke hukunci ranar 15 ga Mayu 2018 cewa ɗaukar bidiyon hanya ba ƙaƙƙautawa ba tare da wani dalili ba ya saɓa wa dokar kare bayanan mutane, amma duk da haka ana iya karɓar bidiyon a shari'ar diyyar haɗari. A Birtaniya 'yan sanda da kansu suke neman a turo musu, ta wani shiri da ake kira Operation Snap wanda ya faro daga yankin Wales ya bazu. Sharuɗɗansu sun cancanci kowa ya koya ko da ba can yake ba: a turo bidiyon yadda yake ba yanka ba gyara, ya ƙunshi abin da ya faru kafin lamarin da bayansa, kada a sa shi a intanet, mai turowa ya yarda zai ba da shaida a kotu in an buƙata, kuma a hanzarta, domin a laifukan tuƙi da dama dokarsu ta ce a aika wa mai motar takardar sanarwa cikin kwana 14. Suna kuma faɗa ƙarara cewa idan bidiyon ya nuna kai ma ka karya doka, za a iya tuhumarka da shi. Kamfanonin inshora a wurare da yawa sun fi kotu saurin amfani da bidiyo, saboda yana rage musu doguwar jayayya.

Akwai wurin da mutane ke faɗawa rami ba su sani ba, wato murya. A 2010 a jihar Maryland ta Amurka wani jami'in tsaro cikin farin kaya ya tare wani matashi mai babur, ya fito daga mota da bindiga a hannu. Kyamarar hular matashin ta ɗauki komai, ya ɗora a YouTube, sai aka tuhume shi da naɗar magana ba da izini ba, laifin da ke iya kai mutum kurkuku na shekaru. A watan Satumba na shekarar alƙali ya yi watsi da wannan tuhuma, yana mai cewa jami'i a bakin aikinsa a kan titi ba shi da wani sirri da zai ce an keta. Amma laifin gudun wuce sa'a da bidiyon ya nuna matashin yana yi bai tafi ko'ina ba. Kafin ka kunna kyamara, ka tambayi lauya ko hukumar kiyaye haɗurra ta inda kake abin da doka ta ce game da hoto, da murya, da kuma yaɗawa, domin abubuwa uku ne daban-daban.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ya sa ban amsa maka a layi biyu ba.

Ka tuna halin da kuke ciki ku biyu a wannan rana. Kai ka ga mutuwa da idonka, zuciyarka na bugawa, hannunka na karkarwa. Shi kuwa yana cikin ƙarfe da gilashi, bai ji komai ba sai ƙarar birkinka. A wurinka rai ne ya kusa salwanta, a wurinsa ɗan kuskure ne da bai kai a ɗaga murya ba. Tun kafin a buɗe baki kun riga kun saɓa. To a cikin wannan yanayi sai ka nuna hularka ka ce, "Na ɗauke ka, duniya za ta gan ka." Mutumin da wataƙila zai ɗaga hannu ya ce yi haƙuri, yanzu ka mayar da maganar ta mutunci. Ba zai amsa laifi a gaban kyamara ba ko da ya san shi ne da laifi, sai ya nemo naka, in bai samu ba ya ƙirƙiro. Wani ma hannu zai kai wa kyamarar, kuma kyamarar a kanka take.

Ita ma kyamarar tana canja mai ɗauke da ita, a hankali, ba ya ji. Na duba bidiyoyi da dama inda mai babur ya hango mota tana leƙowa tun da sauran daƙiƙa uku ko huɗu, lokacin da ya ishe shi ya sassauta ya ba ta hanya, amma bai saki totur ba. Oda ya danna, ya ci gaba da gudunsa har sai da abin ya zama na tsallake rijiya da baya, domin a ransa yana da gaskiya kuma yana da shaida. Wasu suna bin motar har danja ta gaba don su buga gilashi su yi wa direba wa'azi. Wanda ya buɗe shafi yana ɗora irin waɗannan bidiyoyi kuwa ya shiga wani tarko: ranar da ya je aiki ya dawo lafiya ba shi da abin ɗorawa, masu kallo rigima suke jira. Ban ce kowa haka yake ba, akwai masu yi da kyakkyawar niyya kuma sun sa an hukunta direbobi masu ganganci na gaske. Amma duk wanda ya ce wannan jarabawa ba ta taɓa shi ba, ina roƙonsa ya sake duba bidiyoyinsa da idon baƙo.

Abin da ya faru a birnin New York ranar 29 ga Satumba 2013 ya ishi mai hankali. Ayarin masu babura suna tafe a kan babbar hanyar Henry Hudson, ɗayansu ya rage gudu a gaban wata Range Rover har suka gogi juna. Aka kewaye motar, direban da ke ɗauke da matarsa da 'yarsa ƙarama ya tsorata ya taka mota, ya bi ta kan wani mai babur wanda ya shanye daga wannan rana. Suka bi shi, suka cim masa a cikin cunkoso, suka fasa gilashi suka jawo shi suka yi masa dukan kawo wuƙa. Kyamarar hular ɗaya daga cikinsu ce ta ɗauki yawancin abin, aka ɗora a intanet, kuma da taimakon bidiyon aka gano mutane aka gurfanar da su, har da wani ɗan sandan ciki da ke cikin ayarin. Kyamara tana aiki tun daga farko, ba ta sanyaya zuciyar kowa ba. Aikinta ya fara ne bayan an riga an yi ɓarnar.

Ka ambaci mai mota kawai, amma hanya ba ta ku biyu ba ce. Yadda mota take a wurinka, haka kake a wurin mai keke da mai tafiya a ƙasa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai babur da ke kuka an matse shi, sau da yawa shi ne ke wuce mai keke har iskarsa ta girgiza shi, ko ya kutsa tsakanin motoci da ke tsaye daidai lokacin da wata tsohuwa take tsallakawa. Mai keke da ke ɗora bidiyon direbobi, shi ma wani lokaci a gefen masu tafiya yake sheƙa gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Da Birtaniya ta sabunta ƙa'idojin hanyarta a watan Janairun 2022, ta rubuta wata ƙa'ida da nake ganin ta dace da kowace ƙasa: wanda abin hawansa ya fi iya yin illa, shi ya fi ɗaukar nauyin kiyaye na ƙasa da shi. Ta kuma ce a bar wa mai keke tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi in za a wuce shi. Mai tafiya a ƙasa ba shi da hula, ba shi da kyamara, ba wanda zai ji nasa ɓangaren. Idan ka ɗauki fuskarsa yana cikin ruɗewa ka watsa wa duniya, musamman yaro ko dattijo, ka hukunta shi hukuncin da ya fi kuskurensa girma, kuma ba ya gogewa. In har dole ne ka ɗora wani abu don faɗakarwa, ka rufe fuskoki da lambobin mota.

Game da hular kanta, damuwarka tana kan hanya. An yi bayan hula sumul ne don in ka faɗi ta zame a kan kwalta, kada ta cije ta murɗe maka kai da wuya, domin murɗawar nan tana cikin abin da ke jawo mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Sabon ma'aunin ingancin hula na Turai, ECE 22.06, har gwajin bugu a karkace ya ƙara saboda wannan. Duk abin da ya tsiro a jikin hula zai iya cijewa, ko ya tattara ƙarfin bugu a wuri ɗaya. Don haka kada ka taɓa huda hularka ko ka ɗaura mata kusoshi. Ka yi amfani da mazaunin da ake mannawa, wanda zai ɓalle in an bugu, kuma kada ka sa wani gam mai ƙarfi da ba a yi don hula ba, domin wasu suna cin robar. Ka zaɓi ƙaramar kyamara mara nauyi. A gaban haɓa ta fi zama daidai, tana ganin abin da kake gani kuma iska ba ta jan ta. A tsakar kai kuwa tana kama iska, tana gajiyar da wuya a doguwar tafiya. Wasu wurare doka ta taɓa hana maƙala komai a hula, wannan ma ka bincika.

Ni da za ka bi tawa, da a jikin babur ka ɗaura guda biyu, gaba da baya, masu jan wuta daga batirin babur, su kunna da kansu in ka tayar. Ba ruwansu da hularka, ba a mantawa da cajinsu, kuma ta baya tana kama wanda ya buge ka daga inda ba ka gani. Abin da ta hula ta fi su da shi biyu ne: tana bin inda ka juya kai, wato tana nuna ka duba ko ba ka duba ba, kuma tana tare da kai in ka rabu da babur.

Sauran ƙanana ne amma su suke kayar da mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka saita kwanan wata da lokaci tun ranar farko, ka sa katin ajiya mai jure yawan rubutu, ka riƙa duba shi lokaci-lokaci, domin da yawa sai ranar haɗari suke gane katin ya mutu tun watanni. Yawancin kyamarorin suna share tsohon bidiyo su rubuta sabo a kai, saboda haka in abu ya faru ka adana shi nan take, ka kwafe asalin a wani wuri, kada ka yanke ko daƙiƙa ɗaya. Da dare lambar mota ba ta cika fitowa ba saboda hasken fitila da motsi, sai ka karanta ta da ƙarfi, da launin motar da irinta, makirfon ya ɗauka. Kuma ka tuna yana ɗaukar zaginka kamar yadda yake ɗaukar nasa.

Idan irin abin da ya same ka ya sake faruwa kuma ba a taɓa ka ba, ka wuce, ka sami wuri ka tsaya har numfashinka ya daidaita, ka kalli bidiyon da dare. In ganganci ne na gaske, ka kai wa hukuma ba tare da ka ce wa direban uffan ba. In an yi karo, ka ba 'yan sanda da kamfanin inshora, ka bar bidiyon ya yi magana a inda maganarsa take da nauyi.

Abu na ƙarshe da nake sa kowane ɗalibina ya yi, kai ma ina so ka yi shi: a makon farko kada ka nemi laifin kowa a cikin bidiyon, naka tuƙin za ka kalla. Ka je daidai layin da motar nan ta fito maka, ka tsayar da hoton, ka ga tun daga ina ake fara hango bakin layin, a wane gefen hannunka kake, ko wata babbar mota ta kare ka daga idon mai fitowa, ko yatsunka suna kan birki ko ba sa kai. Gobe in ka iso wurin ka ga mota ta leƙo, kada ka dogara da fuskar direban, domin yana iya kallonka bai gan ka ba. Tayar gabansa za ka kalla, ita take fara motsi kafin komai, kuma da ta motsa ka riga ka rage gudu.